Ruwan Farko Na Rufi Ne

Shekara tara ina São Paulo
ina zagin ruwan sama.
Can ba ya kawo komai sai jiƙaƙƙen takalmi
da bas da ta ƙi zuwa.
Na dawo Cariri da jaka ɗaya,
na iske uwata, Zulmira,
tana ƙirga ruwa kamar mai ƙirga canji.

Tankinta na siminti, rabinsa a binne,
an shafe shi da farar ƙasa,
yana zaune gefen ɗaki kamar kaza kan ƙwai.
Tana da sanda mai tsaga goma sha shida
da take zurawa kowace Litinin.
Ranar da na iso, laima ta tsaya a ta uku.

"Wani wuri yana yoyo," in ji ta.
"Sanda ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Muka kwashe ragowar a randuna da bokitai,
har da tukunyar dafa wake.
Ɗan kifin da ke cinye mata 'ya'yan sauro
ya yi hijira zuwa kwanon miya.
Na sauka da tsani da fitila.
Ciki da sanyi, shiru kamar coci ranar Talata.
Na yi tari, tarin ya dawo da muryar babana.
Tsagar ba ta fi gashin akuya kauri ba,
ga saiwar kashu ta leƙo ta cikinta,
ɓarauniya mai haƙuri.
Na yanke, na liƙe, na shafe.

Sai jira.

Lambun taku goma ne kacal:
kuɓewa, barkono, albasa mai ganye,
da kabewa ɗaya da ta haye shinge
zuwa gidan Genival ba sallama.
Ruwan wankin shinkafa na barkono ne,
na ɗauraya na kuɓewa,
wanka kuwa a tsaye cikin baho muke yi
don kada ɗigo ya tsere.
Ta lulluɓe gindin kowace shuka da ɓawon masara.
In rana ta faɗi, sai ta bi su ɗaya-ɗaya
da gwangwanin madara,
kamar mai raba wa majinyata magani.

Janairu ya wuce da tsawar banza.
A Fabrairu albasa ta kwanta ba ta tashi ba.
Genival ya sayar da awaki biyu,
ya daina duban sama, wai fushi yake da ita.

Daren sha ɗaya ga Maris iska ta juya.
Ƙamshin ƙasa ya riga ɗigon farko shigowa ɗaki.
Na fita ba riga,
na cafki bututu zan haɗa da bakin tanki.
Ta riƙe mini hannu.

"Bari tukuna. Ruwan farko na rufi ne."

Na tsaya ina kallon indararo
yana zubar da abin da muka jira wata bakwai,
jajir, ɗauke da kashin jemage,
gashin tsuntsu, busasshen ƙadangare guda.
Zuciyata tana cewa asara, asara.
Ita ko ta tara tafin hannu,
ta duba a hasken walƙiya, ta watsar.
Sau huɗu.
Na biyar ta kai baki.

"Yanzu."

Da farko kamar ana zuba tsakuwa a ganga.
Can sai ƙarar ta yi kauri, ta yi ƙasa,
ta koma muryar wanda ya fara ƙoshi.
Muka zauna kan dakali sharkaf,
ba wanda ya ce uffan.
Daga ƙetaren shinge muna jin Genival
yana dariya shi kaɗai.

Da safe sanda ta ce bakwai.
Ta mayar da kifi gidansa.
Na ce, "Mama, yau dai a bar kabewa ta sha ta more."
Ta dube ni, ta dubi sama
wadda ta riga ta wanke fuska kamar ba ita ba.
"Ta sha jiya."
Ta ja murfi, ta danna kwaɗo,
ta jingina sandar a ƙirjina.
"Litinin mai zuwa kai za ka auna."